Addu'a da Ido Buɗe

Maman Biyu tela ce, kuma idan ranta ya ɓaci, keken ɗinkinta ne yake fara sanar da mutanen layi. Maƙwabcinta mai gyaran rediyo yakan ce daga ƙarar keken yake gane ko ranar ta tsayawa a gaisa ce ko ta wucewa sumsum. To, a kwanakin nan keken bai huta ba, gudu yake kamar an biyo shi, mai gyaran rediyo kuwa ya koma ɗaga mata hannu daga nesa.

Abin da ya jawo wannan duka bai taka kara ya karya ba. Mayafin tebur ne.

A cocinsu akwai teburin da ake ɗora gurasa da ƙoƙo ranar Jibin Ubangiji, da wani farin mayafi da ake shimfiɗa masa. Mayafin ya sha wanki har farinsa ya gaji, gefensa ya fara zarewa. Da 'yar Maman Biyu ta sami ciki, bayan jira mai tsawo da ɓarin da ya kusa tafiya da ita, sai uwar ta ce godiyar baki ba ta isa ba, sai hannunta ya yi wani abu. Ta sayo yadi mai santsi, mai ɗaukar ido, ta yi masa geza, ta zauna da allura ta zana nonon inabi a tsakiya har idonta ya riƙa ruwa. Da ta gama ta ninke shi, ta kai wa Ungozoma, domin ita ce mai kula da teburin: ita take wankewa, ita take gogewa, ita take shimfiɗawa ranar Asabar.

Ungozoma kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinta. Doguwar mace ce mai kaifin baki da muryar da ba ta buƙatar lasifika, ta yi aiki a asibiti har ta yi ritaya, kuma rabin matasan cocin a hannunta suka fara kuka. Ita ta karɓi tagwayen Maman Biyu, mace da namiji. Tun daga ranar Maman Biyu take ce mata Yaya, yaran suna ce mata Goggo. Benci ɗaya suke zama a sujada, littafin waƙa ɗaya suke riƙewa, kuma a hanyar komawa gida tare suke gyara wa Fasto wa'azinsa.

Ranar Lahadi Maman Biyu ta ci ado, ta shiga coci tana satar kallon gaba. Tsohon mayafi ne a kan tebur. Ta ce wa ranta wataƙila ba a gama guga ba. Lahadi ta zagayo, tsohon mayafin dai. Da aka tashi ta tare Ungozoma a bakin ƙofa, ana ta gaishe-gaishe, ta yi murmushi har kunne.

"Yaya, mayafin nan fa?"

"Yana nan," in ji Ungozoma, ta juya tana gaida wani dattijo.

Shi ke nan abin da aka faɗa. Daga ranar Maman Biyu ta koma bencin baya, wai fankar gaba tana sa ta mura.

Da a kasuwa abin ya faru, da an yi shi an gama: a ɗaga murya, a tafa hannu, jama'a su shiga tsakani, kowa ya koma rumfarsa. Amma waɗannan matan coci ne, kuma matar coci ba ta faɗa. Addu'a take yi.

Duk ranar Laraba da yamma matan zumunta sukan taru a ɗakin gefen coci. A jera kujerun roba a da'ira, a yi waƙa, a yi karatu, sa'an nan kowa ta sunkuya ta rufe ido, wadda ta ji tana da abin roƙo ta miƙe ta roƙa, saura su ce amin. A Larabar farko Maman Biyu ta miƙe, ta gyara murya.

"Ya Uba, muna kawo maka waɗanda ake ba su amana su jefa a ƙasan akwati. Ba ma ambatar suna, kai ka san su. Ka buɗe zuciyarsu, ya Uba, ka buɗe akwatinsu."

Aka ce amin, amma a hankali, kamar masu tsoron kada su taka wani abu. Ba a daɗe ba sai ga muryar Ungozoma ta cika ɗakin.

"Ya Ubangiji, ka raba mu da baiko irin na a-zo-a-gani. Ka tuna mana cewa sheƙi ba ya burge ka. Waɗanda suke ba ka abu suna leƙen ko an yaba, ka ji tausayinsu, gama ba su san kansu ba."

Mai Kitso, wadda take zaune kusa da ƙofa, ta ce amin da ƙarfin da ya sa wata ta zabura.

Daga nan aka buɗe fage. Taron da a da ba ya cika kujeru, sai ga shi har ana ɗauko ƙari daga cikin coci. Matan da suka daɗe suna fama da ciwon ƙafa duk ranar Laraba suka warke. Amin ɗin ma ya rabu gida biyu: Mai Kitso da mutanenta suna amsa wa Ungozoma, Mai Kifi da nata suna amsa wa Maman Biyu, akwai kuma 'yan ba-ruwanmu da suke amsa wa kowa a ciki-ciki. Aka yi addu'a a kan masu girman kai, aka yi a kan masu manta alheri, aka yi a kan waɗanda tsufa bai koya musu komai ba, aka rama a kan waɗanda suka canja benci ba su canja hali ba. Ba wadda ta ɗaga kai, ba wadda ta kama suna. In an tashi a rungumi juna a ce salama.

Matar Fasto ce take jagorantar taron. 'Yar ƙaramar mace ce mai sanyin magana, malamar ƙananan yara a makaranta, kuma duk matan nan biyu sun girme ta nesa ba kusa ba. Ta gwada abin da ta iya. Ta zaɓo karatu a kan zaman lafiya tsakanin 'yan'uwa, ta karanta a hankali tana nanata wuraren da suka kamata. Maman Biyu ta riƙa gyaɗa kai tana cewa, "Gaskiya ne, Allah ya sa masu kunne su ji." Ungozoma ma ta riƙa gyaɗa nata. Kowacce ta koma gida da murna, an faɗa wa ɗayar gaskiya.

Wata safiya Baban Biyu ya tsaya a shago da kofin shayinsa kafin ya fita aiki, ya tarar da matarsa tana kalmasa bakin wani siket, leɓunanta suna motsi.

"Da wa kike magana?"

"Addu'a nake shiryawa."

Ya tsaya ya saurara kaɗan. "Wannan addu'ar, wurin Allah za ta ko wurin Yaya?"

"Kai dai sha shayinka."

"A'a, tambaya na yi. Don in wurin Yaya za ta, gidanta ba nisa. Me ya sa sai an bi da ita ta sama?"

"Ni in je? Ni da aka yi wa laifi? Ka san irin wahalar da na sha a kan inabin nan?"

"Na sani mana, ni na riƙa zura miki zare a allura."

"To, ka kama hanyarka, kada ka makara."

Ya kama hanyarsa. Ya daɗe da sanin inda ƙarfinsa ya tsaya.

Da a mayafi abin ya tsaya, da Maman Biyu ta iya riƙe fushinta har shekara, don tana da juriyar hakan. Amma akwai 'yarta. Cikin ya tsufa, haihuwa ta matso, yarinyar kuwa tun ɓarin da ta yi take tsoron ɗakin haihuwa. Tun cikin yana ƙarami ta kafe a kan magana ɗaya: ba za ta shiga ɗakin nan ba sai da Goggo a gefenta. Maman Biyu ta san wannan. Da shi take kwana, da shi take tashi, kuma duk addu'ar da ta harba ranar Laraba, a hanyar gida sai ta ji gabanta yana faɗuwa. Tsoro take ji, amma ta fi yarda ta kira shi fushi.

Wata rana da hantsi 'yar ta shigo shago tana numfashi sama-sama, ta kawo rigar da take so a ƙara buɗe mata. Ta zauna a kan kujerar masu jira, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura.

"Mama, kin yi wa Goggo magana?"

"Ina sa ta a addu'a."

"Na ji labarin addu'ar. Har a wurin awo ana ba da shi."

Maman Biyu ta ɗauki almakashi ta shiga farke ɗinkin gefe.

"Jiya na je gidanta," in ji 'yar. "Ko ciki ba ta ce in shiga ba. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ce min asibiti cike yake da yara masu sabon ilimi, in je wurinsu, ita ta gama nata. Ko cikin ba ta taɓa ba, Mama. Goggo da take taɓa cikin matan da ba ta sani ba a cikin mota."

Sai hawaye. Maman Biyu ta ajiye almakashin ta rungume ta tana lallashi, amma a ƙirjinta wuta ce take ci. A yi mata wulaƙanci a kan mayafi, ta ji. Amma a huce a kan yarinya mai tsohon ciki? Ranar ba ta gama rigar kowa ba. Addu'a ta zauna ta ɗinka, ta yanka nan ta ƙara can, har ta fito daidai jikin mai ita. A ciki akwai masu hukunta 'ya'ya da laifin iyaye, akwai masu zuciyar dutse, akwai waɗanda suka karɓi yaro da hannunsu suka kore shi da bakinsu.

Ranar Laraba ɗakin ya cika maƙil. Mai Kifi har da kawo ƙanwarta da ta zo baƙunta. Aka yi waƙa, aka yi karatu, mata suka fara gyara zama suna sunkuyar da kai, kowacce ta baza kunne. Sai Matar Fasto ta tafa hannu sau ɗaya, irin yadda take yi wa yaran ajinta.

"Iyayena, yau ina da roƙo. Yau kada kowa ta rufe ido."

Kawuna suka ɗago.

"Za mu yi addu'a muna kallon juna. Wadda kuma za ta roƙa wa wata wani abu, ta dube ta tana roƙon. Shi ke nan."

"Mama, ai ba a taɓa yi ba," in ji Mai Kitso. "Za ta karɓu kuwa?"

"Maigidanki direba ne. In yana addu'a a kan hanya, rufe ido yake yi?"

"Allah ya kiyaye!"

"To, ga shi kullum yana dawo miki lafiya."

Aka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Matan da suka saba sauraro a ɓoye suka rasa inda za su ajiye idanunsu: wata ta kalli silin, wata ta kalli farcenta. Maman Biyu ta ce a ranta, ido buɗe ko ido rufe, yau sai ta sauke abin da ta ɗauko. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta juya ta fuskanci Ungozoma da take zaune a ɗaya gefen da'irar.

"Ya Uba," ta fara.

Rabon da ta kalli matar nan sosai tun ranar bakin ƙofa. Idon tela kuwa ba ya iya kallon mutum bai kalli kayansa ba. Rigar Ungozoma a yamutse take, ba ta ga guga ba, ita da ko gidan maƙwabta ba ta shiga da tufa mai lanƙwasa. Maɓallin sama yana cikin ramin da ba nasa ba, wuyan rigar ya karkace. Ɗaurin ɗankwalin ya saki ta gefe ɗaya. Ta rame. Ta ɗora jakarta a cinya ta cusa hannun dama a ƙarƙashi, ta danne da na hagu, amma jakar tana ɗan rawa.

Ungozoma ba ta kau da kai ba. Ta ɗaga haɓa tana jira, kamar mai cewa harbo, ina nan.

"Ya Uba," Maman Biyu ta sake cewa. Ta laluba addu'ar da ta ɗinka, ta same ta nan cif a kan harshenta, amma ba ta fitowa. Masu zuciyar dutse suna da sauƙin faɗa in ido yana rufe. Da ido buɗe kuwa, Yaya ce zaune, da karkataccen maɓalli. "Ya Uba, ka... ka taimake mu. Amin."

Ta zauna. Mai Kifi, da ta tanadi amin mai nauyi, ta rasa yadda za ta yi da shi, ta sake shi shi kaɗai bayan kowa ya yi shiru.

Duk idanu suka koma kan Ungozoma. Ta miƙe a hankali, jakar tana manne a cikinta. Ta dubi Maman Biyu.

"Ya Ubangiji, kai ka sani. Amin."

Ba a taɓa tashi daga zumunta da wuri kamar ranar ba. Ƙanwar Mai Kifi ta fita tana tambayar yayarta a hankali, wai wannan ne abin da aka ce ta zo ta gani? Matar Fasto ta tattara littattafai, ta bi ta gaban Maman Biyu, ta ce ba tare da ta tsaya ba, "Mama, Ungozoma ta shiga ɗakin ajiya. Ita kaɗai ce." Sa'an nan ta kora sauran matan waje da hira, ta ja ƙofa.

Ɗakin ajiya ɗan ƙarami ne a bayan mumbari, yana warin kyandir da tsofaffin littattafai. Akwai kabad na ƙarfe, da ganguna biyu, da tebur da dutsen guga a kai. Ungozoma tana tsaye ta ba ƙofa baya. Maman Biyu ta shiga ta tsaya. Ba ta da sauran habaici, ba ta kuma iya wata hanyar ba, don haka ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko.

"Yaya, me na yi miki? Ina mayafina?"

Ungozoma ta buɗe kabad, ta sa hannun hagu can ƙasa bayan kwalin kyandir, ta jawo shi ta warware a kan tebur. A tsakiyar inabin akwai rami, baƙi-baƙi a gefe, daidai siffar dutsen guga, har da hancinsa.

Abin da ya fara fitowa daga bakin Maman Biyu ba maganar Kirista ba ce, maganar tela ce.

"Wayyo inabina! Yaya, wace irin wuta kika sa? Wannan yadin ba ya son zafi! Ai sai a ɗora ƙyalle a kai tukuna!"

"Na ɗora. Kina tsammani yau na fara guga?"

"To, ta yaya?"

Ungozoma ta ajiye jakar. Ta miƙa hannun dama a tsakaninsu, ta buɗe tafin. Hannun yana karkarwa, tun daga yatsu har wuyan hannu, ba ya tsayawa.

"Na ɗora dutsen, na ce wa hannun ɗaga, ya ƙi. Ina kallo ina jin ƙauri. Kafin in kawo na hagu, aikin gama ya gama."

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe yana yi kaɗan-kaɗan. Likita ya ba ni magani, ya ce zai rage, amma ba zai tafi ba." Ta mai da hannun ta riƙe da ɗayan. "Hannun da ya karɓi rabin cocin nan, yau maɓalli yana gagararsa."

Maman Biyu ta nemi wurin zama ta rasa, ta zauna a kan babbar ganga.

"Shi ne ba ki faɗa min ba? Kika bar ni ina kai ƙararki gaban Allah mako-mako?"

"Kin tambaye ni?"

"Na tambaya mana!"

"A bakin ƙofa, a cikin mutane, da murmushin nan naki da ya fi zagi ciwo. Nan zan ce miki na ƙona?"

"To, da kin zo shago."

"Na zo. Na iso har wurin mai rediyo, na ji yadda kekenki yake gudu, na juya."

Dariya ta kuɓuce wa Maman Biyu, ta haɗu da kuka a hanya, ta rasa wanne za ta fara yi. Ta share fuska da bakin ɗankwali.

"Na ji na mayafi. Yarinyar fa, Yaya? Me ta yi miki kika kore ta daga bakin ƙofa?"

A nan ne muryar Ungozoma ta yi ƙasa, abin da Maman Biyu ba ta taɓa ji ba.

"Ranar da kika fara addu'ar akwatin nan, wallahi daɗi na ji. Na ce madalla, in muna faɗa ba za ki zo ki ce in karɓi jikanki ba. Gara ki ce min muguwa da ki ce min sannu. Sai ga yarinyar ta zo da kanta. In na taɓa cikin za ta ji hannun. Yarinyar da take tsoro, ta dogara da ni, in ɗora mata hannu yana rawa? Na rufe ƙofa na zauna na yi ta kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa."

Kunya ta rufe Maman Biyu tun daga kai har ƙafa. Ta tuna addu'ar da ta zo da ita yau, ta gode wa Allah da Matar Fasto da ba su bar ta ta fito ba.

"Ki yafe min, Yaya. Na zage ki a cikin addu'a, na rufe da sunan Yesu."

"Ni ma ai ban bar ki haka ba. Ki yafe min. Ta masu canja bencin nan ma ban so na yi ba."

"Ƙarya kike, kin ji daɗinta."

"Na ji kam," in ji Ungozoma. "Ta fito da kyau."

Maman Biyu ta tashi, ta matso, ta ɓalle maɓallin nan ta mai da shi raminsa, ta daidaita wuyan rigar, ta sake ɗaura mata ɗankwali. Ungozoma ta tsaya cak ta bari aka yi mata, tana kallon bango.

"Ɗauki jakarki, mu je."

"Ina?"

"Kin sani."

"Ƙanwata, ba zan iya ba."

"Ba ni za ki faɗa wa ba. Ki je ki faɗa mata da bakinki. Yau dai mun ga abin da zagaye-zagaye yake jawowa."

Rana ba ta faɗi ba suka isa. Suka tarar da 'yar a falo, ta tsoma ƙafafu a cikin roba mai ruwan ɗumi, tana ninke 'yan kayan jarirai a cinya. Da ta ga su tare ta yunƙura za ta tashi, ruwa ya fantsama a ƙasa.

"Zauna," in ji Ungozoma. Ta jawo kujera ta zauna a gabanta. Ba ta yi wata kwana-kwana ba, ta fito da hannun ta nuna mata. "Kin gani? Shi ya sa. Ba zan iya karɓar ɗanki ba, 'yata. Ko allura ba zan iya riƙewa ba. Ban so ki sani ba, shi ya sa na yi miki abin da na yi."

Yarinyar ta kalli hannun, ta kalli fuskar Goggonta.

"Goggo, wa ya ce ki karɓa? Asibitin nan hannuwa sun yi musu yawa. Wancan karon ma akwai hannuwa, amma ba wanda ya ce min komai, ina ta kallon silin ni kaɗai. Ni so nake ki tsaya a kaina ki yi min tsawa. In na ji muryarki na san ba zan mutu ba."

Yarinyar ta kamo hannun mai rawa, ta ɗora a kan cikinta, ta danne shi da nata biyu. Maman Biyu tana tsaye a bakin ƙofa, ta ga yatsun suna ta karkarwa a ƙarƙashin na 'yarta, ta kuma ga sun fara tafiya a hankali, suna latsa nan, suna latsa can, suna neman abin da suka saba nema.

Ungozoma ta ja hanci, ta gyara zama. Da ta yi magana, muryar ta dawo, har maƙwabta sai sun ji.

"Kan jaririn ya sauko. Kin haɗa jakar asibiti? Ba ki haɗa ba! Kina zaune kina jiƙa ƙafa kamar wanki! Fito da ƙafafun, ɗora su a sama. Ke kuma Maman Biyu, kin tsaya kina kallon mutane, kawo matashin kai!"

Maman Biyu ta ce to, ta wuce da sauri. Matasan kai suna nan a kan doguwar kujera kusa da ita, amma sai ta shige ɗakin kwana neman wani, ta daɗe a ciki ba ta fito ba.